Noman Dawa da Sha'ir Domin Masana'antun Malt: Darasi ga Sababbin Manoman Azare da Katagum

AZARE, Jihar Bauchi — A watan Janairu na shekarar 1988 ne gwamnatin mulkin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da tsiron sha'ir, wato malt, daga ƙasashen waje, shekara guda bayan ta hana shigo da alkama. Matakan biyu sun biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da kuɗin ƙasashen waje suka yi ƙaranci, darajar naira kuma ta soma zubewa. Kamfanonin da ke yin giya da lemon malt da garin shayi suka wayi gari ba su da abin zubawa a tukwanensu, sai suka juyo Arewa neman dawa da masara. An ɗage haramcin a ƙarshen shekarun 1990, amma kamfanonin ba su saki dawa ba, domin sun riga sun kashe kuɗi wajen sauya injunansu, sun kuma gano cewa hatsin gida ya fi sauƙi. A 2008 kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe babbar masana'antar tsirar da dawa a Aba, daga baya kuma ya mallaki wata a Kudenda da ke Kaduna. Faɗuwar darajar naira daga watan Yuni na 2023 ta sake tsananta tsadar malt ɗin waje.

Wannan tarihi ya shafi manomin ƙasar Katagum kai tsaye, domin yankin yana da ƙasar noma iri biyu. A kewayen Azare, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, akwai jigawa da tudu inda ake noman gero da dawa da wake da gyaɗa da damina. Ta arewa kuma, a wajen garin Katagum, tsohuwar fadar masarautar kafin a mayar da ita Azare a 1916, akwai fadamun kogin Jama'are inda ake noman rani. Tudun na dawa ne, fadamar kuma ita ce wurin da za a iya jarraba sha'ir. Matasa da ma'aikatan da suka yi ritaya, waɗanda ke shiga noma da niyyar sayar wa masana'antu, sukan fara da tambayar wane iri ne ya fi yawan buhuna. Tambayar tana da muhimmanci, amma akwai wadda ta riga ta, ita ce wane irin hatsi masana'antar ke karɓa, wane iri kuma take mayarwa.

Abin da masana'anta take saye

Malt ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk macen da ta taɓa jiƙa hatsi ta rufe shi har ya tsira, ta shanya ta daka domin ta tsinka kunun zaƙi, ta yi aikin da masana'antar Aba ke yi, sai dai nata a ƙwarya ne. Idan ƙwayar hatsi ta sha ruwa ta fara tsira, takan saki wasu sinadarai da ke narkar da sitacin cikinta su mayar da shi sukari, domin ciyar da ɗan tsiron. Masana'anta na jiƙa dawa na kwana ɗaya zuwa biyu, ta baza ta a ɗaki mai ɗumi na digiri 25 zuwa 30 har kwana huɗu ko biyar, sannan ta busar da ita da iska mai zafi kafin tsiron ya cinye sukarin. Daga nan a karkaɗe saiwoyin da 'yan ganyen, domin na dawa suna ɗauke da guba, irin wadda ke kashe dabbar da ta ci gyauro.

Ma'anar wannan ga manomi ita ce, ƙwayar da ta mutu ba ta da amfani ga mai yin malt, ko da kuwa tuwonta ya fi na kowa daɗi. Mai sayen dawa domin tuwo yana duba haske da cikar mudu. Mai saye domin malt yana so a cikin kowace ƙwaya 100 aƙalla 90 su tsira, ya fi son 95, kuma su tsira a lokaci guda. Dukkan ƙa'idodin da za su biyo baya daga wannan buƙata suka samo asali.

Akwai dalilin da ya sa kamfanoni suka fi son sha'ir tun asali. Sha'ir na da ɓawo da ke zama rariya a lokacin tace ruwan malt, sinadaransa na narkar da sitaci sun fi ƙarfi, sitacinsa kuma na dahuwa a zafi kaɗan. Dawa ba ta da wannan ɓawo, sitacinta na buƙatar ƙarin zafi, kuma funfuna na saurin kama ta a ɗakin tsira. Saboda haka wasu kamfanoni ke amfani da ɗanyar dawa su haɗa ta da sinadaran da suka sayo daga waje. Irin waɗannan ba su cika matsawa kan tsira ba, amma ba sa sassauci kan tsabta da bushewa.

Batun hofs

Hofs wata shuka ce mai yaɗo da ake ɗora wa igiyoyi masu tsawon mita biyar zuwa shida, furenta ne ke ba giya ɗaci da ƙamshi. Tun da ƙananan masana'antun giya suka yawaita a Amurka da Turai, har wasu suka ɓullo a Abuja da Legas, ake samun masu kwaɗaita wa sababbin manoma nomanta saboda tsadarta. Manomin Azare ya kamata ya rufe wannan babi da wuri. Hofs na buƙatar yini mai tsawon awa 15 ko fiye a lokacin girmanta, da sanyi mai tsanani da zai kwantar da saiwarta na wasu watanni. Shi ya sa manyan gonakinta suke a Halatau ta Jamus, da kwarin Yakima na Amurka, da ƙasar Cek. A Azare yini mafi tsawo a shekara ba ya kai awa 13, don haka shukar za ta yi fure tun tana ƙarama, amfaninta kuma ba zai biya kuɗin igiya ba. Ko a Afirka ta Kudu, a yankin Joj da ya fi Nijeriya nisa ƙwarai daga tsakiyar duniya, sai da aka yi amfani da fitilun lantarki a gonaki, aka kuma ƙirƙiro nau'o'i na musamman. Masana a jami'o'in Nijeriya sun yi bincike a kan shuwaka da namijin goro a matsayin madadin hofs, Habasha kuma na da ganyenta na gesho, amma manyan kamfanoni daga waje suke sayo hofs ɗinsu.

Zaɓen iri

Irin da ya yi suna a masana'antu bayan haramcin 1988 shi ne gajeriyar kaura mai lamba SK5912, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar, tare da farafara mai lamba KSV8. Sabon manomi da ya ji sunan SK5912 a bakin dillalai zai iya ɗauka ita ce abin shukawa ko'ina. Ita kuwa dawa ce mai dogon zango, tana neman fiye da wata biyar, ta dace da kudancin Kaduna da Neja da kudancin Bauchi inda damina ke daɗewa. A Azare ruwa kan zauna ne a watan Yuni ya ɗauke a ƙarshen Satumba, jimillarsa a yawancin shekaru tsakanin milimita 600 zuwa 800. Dawa mai dogon zango za ta fitar da kai bayan ƙasa ta bushe, sai ƙwayar ta fito a tsumbure.

Abin da ya dace da yankin shi ne iri mai saurin nuna. Misali shi ne ICSV 400, wadda ake kira SAMSORG 40, farar dawa da cibiyar ICRISAT ta inganta, aka fitar da ita ga manoma a 1996. Tana nuna cikin kwana 100 zuwa 110, kuma an gwada ta an same ta da kyau wajen yin malt. A 2006 an fitar da CSR-01 da CSR-02 musamman domin masana'antu, daga baya kuma aka samu wasu. Kafin manomi ya sayi kowanne, sai ya tambayi abu biyu: ya tambayi mai saye wane iri yake karɓa a bana, ya kuma tambayi malamin gona na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Bauchi ko irin zai nuna a ƙasarsa. Idan amsoshin biyu ba su haɗu a kan iri ɗaya ba, babu ciniki.

Gauraya ita ce babbar illa. Gonar gargajiya kan haɗa kaura da farafara da jar dawa, wani lokaci har da karan dafi a gefe, kuma hikima ce, domin idan wata ta gaza wata za ta yi. Amma kowane iri da saurin shan ruwansa da saurin tsirarsa, idan aka jiƙa su tare wani zai wuce lokaci wani bai fara ba. Jar dawa mai bauri kuma tana raunana sinadaran da ake nema. Don haka gonar masana'anta iri ɗaya ake shukawa, a nesanta ta da gonar wata dawar gwargwadon iko, domin iska na ɗaukar garin fure daga gona zuwa gona. Duk zangarniyar da ta bambanta da 'yan'uwanta a tsawo ko launi, a yanke ta daban a kai gida. Iri na yau da kullum ana iya ajiye shi a sake shukawa shekara biyu ko uku kafin a sabunta. Irin aure kuwa, wanda ake haɗawa daga iyaye biyu, kowace shekara sabo ake saye.

Aikin gona

A nan babu sabon abu mai yawa ga wanda ya tashi a gidan noma. Hekta ɗaya na cin iri kilo 8 zuwa 10, a gauraya shi da maganin gyaran iri saboda burtuntuna da ƙwarin ƙasa. Tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami 25 zuwa 30, bayan mako biyu zuwa uku a rage shukar a bar biyu a kowane rami. Takin zamani buhu 4 na NPK 15-15-15 a farkon shuka, sai buhu ɗaya da rabi na yuriya bayan mako biyar zuwa shida, a binne shi a ƙasa mai danshi. A jigawar Azare takin gargajiya ya zama dole, domin yashi ba ya riƙe na zamani, kuma gonar da ta gaji ita ƙuduji ke cinyewa. Inda ƙuduji ya yi yawa, a fara hutar da gonar da gyaɗa ko wake, a riƙa tuge shi kafin ya yi fure.

Lokacin shuka ne ke buƙatar lissafi. Wanda ya yi binne ko ya shuka iri mai kwana 100 da ruwan farko a watan Mayu, dawarsa za ta nuna a tsakiyar ruwan Agusta da Satumba. Raɓa da ruwa za su sa funfuna ta baƙanta ƙwayar tun tana kan kara, wasu ma su fara tsira a zangarniya, kuma ƙwayar da ta tsira sau ɗaya ba ta sake tsira. Shukar ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli ita ce ke kai nuna cikin Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke. Akwai kuma tsuntsaye. Gona ɗaya tilo da ta riga sauran nuna ita ce abincin jan-baki na unguwar baki ɗaya, abin da ya sa ya fi kyau maƙwabta su shuka iri ɗaya a mako ɗaya, ɓarnar ta rarrabu.

Dawar gida da ba ta samu taki ba takan ba da abin da bai wuce tan ɗaya a hekta ba, wato buhu 10 masu kilo 100. Ingantaccen iri da ya samu taki da noma a kan kari yana iya ninka wannan. Sai dai a sa a lissafi cewa gajeriyar dawa ba ta da kara mai yawa, kara kuwa a ƙasar Katagum dukiya ne, da shi ake ciyar da dabbobi da rani, a yi darni, a hura wuta.

Daga girbi zuwa buhu

Yawancin dawar da masana'antu ke mayarwa a gona lafiyarta ƙalau, a tsakanin yanka da ɗinkin buhu take lalacewa. Ana gane dawa ta nuna idan aka cire ƙwaya daga gindin zangarniya aka ga ɗan baƙin ɗigo a inda take manne. Daga nan jinkiri hasara ne. Al'adar kwantar da kara a bar zangarniya a ƙasa kwana da kwanaki tana gayyato gara da danshi da yashi. Gara a yanke zangarniyar a ɗora ta a kan rumfa ko tamfol ko daɓe mai tsabta.

Shanya a gefen kwalta, wadda matafiyi zai gani a hanyoyin yankin da kaka, tana da illa uku. Zafin kwalta da tsakar rana na iya kashe idon ƙwaya, tayoyin mota na farfasa ta, ga tsakuwa da baƙin mai da ke shiga ciki. Haka nan sussukar da ake yi ta hanyar bi da mota ko tarakta a kan dami, da injin casar da aka sake wa gudu fiye da kima. Idon dawa a gefen ƙwaya yake, babu ɓawon da ke kare shi kamar na sha'ir ko shinkafa, ƙaramin rauni ya isa ya kashe shi. Ƙwayar da ta tsage kuwa, ban da rashin tsira, ita ce ke fara ruɓewa a ɗakin jiƙo ta shafa wa sauran. Sussuka da sanda a kan tamfol, ko injin da aka daidaita aka gwada da dami ɗaya tukuna, sun fi aminci. A sheƙe da kyau, a tankaɗe yashi, a tsince ƙaiƙayi.

Masana'antu na neman danshin da bai wuce kashi 12 cikin 100 ba. Wanda ba shi da na'urar awo yana da hanyoyi biyu. Ta farko ya ciji ƙwaya, idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotsa da saura. Ta biyu ya sami busasshiyar kwalba ya zuba dawa da cokali biyu na busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza, ya bar ta ɗan lokaci ya sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, dawar ta koma shanya. Hatsin da aka ɗinke da danshi yakan yi zafi a cikin buhu, ya mutu, ya kuma iya haifar da gubar funfuna da ake kira afalatoksin, wadda kamfanonin abinci ke aunawa, kuma ba su da sassauci a kanta.

Wajen ajiya, buhuna su hau kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Buhu mai ciki uku da ke toshe iska yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, muddin hatsin ya bushe sosai. Zuba wa hatsi maganin feshin gona, wanda wasu 'yan kasuwa ke yi, haɗari ne ga mai ci, kuma dalili ne na mayar da mota guda. Tsohuwar dawa ta bara kada a cusa ta cikin sabuwa domin cika buhu. Ƙarfin tsirarta ya ragu, kuma gwaji zai tona.

Gwajin nan manomi na iya yin sa a gida kafin ya ɗauki hayar mota. Ya ɗebi hatsi daga buhuna daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, ya gauraya, ya ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba. Ya jera su a kan jiƙaƙƙen tsumma ko buhun algarara, ya naɗe, ya ajiye a inuwa yana yayyafa ruwa safe da yamma. A rana ta uku ko ta huɗu ya ƙirga waɗanda suka fitar da saiwa. Idan sun kai 90 zuwa sama, ya nufi mai saye da ƙarfin gwiwa. Idan sun tsaya a 80, kasuwar tuwo ce tasa, ya huta da kuɗin mota. Wannan gwaji shi ne kuma ya kamata a yi wa iri kafin shuka.

Sha'ir a fadamar Jama'are

Sha'ir hatsin sanyi ne, ɗan'uwan alkama. Bayan haramcin 1988 an gwada shi a wurare irin su Kadawa da ke Kano, da tsaunukan Jos da Mambila, amma bai zama noman kasuwa ba. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ita ke da alhakin bincike a kansa tare da alkama da gero. Daga baya kamfanin Nigerian Breweries ya koma kan batun tare da cibiyar, inda aka gwada sababbin nau'o'i, aka kuma shiga aiki da ƙananan manoma a Jihar Jigawa, wadda ke iyaka da ƙasar Katagum. Yanayin hunturun wuraren biyu kusan ɗaya ne, don haka manoman Zaki da Itas/Gadau da Jama'are da ke da rijiyar burtsatse da injin ban ruwa suna da dalilin sa ido.

Duk wanda ya iya noman alkama zai iya na sha'ir, amma da bambance-bambance. Ana shuka shi daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, kimanin kilo 100 a hekta, a layuka masu tazarar santimita 20 zuwa 25. Tagar shukar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Sha'ir na son ya cika ƙwayarsa cikin sanyin Janairu da farkon Fabrairu. Wanda ya makara, saboda bai kwashe shinkafar damina da wuri ba ko ruwan ambaliya bai janye ba, zafin Maris zai riske shi, ƙwayar ta fito siririya. Sha'ir ya fi alkama jure ƙasa mai kanwa da ƙarancin ruwa, amma ba ya jure kwanciyar ruwa a gindinsa.

Babban tarkon shi ne yuriya. Manomin alkama ya saba cewa ƙarin taki ƙarin amfani ne, mai yin burodi kuma na son furotin mai yawa. Mai yin malt akasin haka yake so: furotin tsakanin kashi 9 zuwa 11 da rabi cikin 100, domin idan ya haura haka sitaci ya ragu, ruwan malt kuma ya yi duhu-duhu. Takin da aka zuba bayan sha'ir ya fara fitar da kai kusan duka furotin yake komawa. Saboda haka ana ba shi taki ƙasa da na alkama, kuma da wuri. Gonar da aka saba cika ta da taki domin tumatir ko albasa tana iya ɓata shi ko ba a ƙara komai ba.

Akwai kuma abin da manoman alkama na wancan zamani ba su manta ba. Haramcin 1987 ya ja jama'a da dama cikin noman alkama a Kano da Borno da Bauchi, da aka buɗe ƙofar shigo da ita a 1992 farashi ya faɗi, da yawa suka watsar. Alkama ma ke nan, wadda ake yin alkaki da taliya da finkaso da ita a gida. Dawar da masana'anta ta ƙi, iyali za su ci, ko a kai ta kasuwar Azare. Sha'ir ɗin da aka ƙi ba shi da masaya a kasuwannin yankin sai a matsayin abincin dabbobi. Don haka kada a shuka shi sai da rubutacciyar yarjejeniya da iri daga hannun mai saye, kuma a shekarar farko a tsaya a kwata ko rabin hekta.

Ciniki da yarjejeniya

Masana'anta ba ta sayen buhu biyar. Babbar mota na ɗaukar tan 30, wato buhu 300. Manoma 20 da kowannensu ya noma hekta ɗaya ya samu buhu 15 su ne za su cika ta. Wannan shi ne amfanin ƙungiyar gama-kai, shi ne kuma haɗarinta, domin mutum ɗaya da ya cusa jiƙaƙƙiyar dawa ko gauraye zai jawo a mayar da kayan mutum 20. Ƙungiyar da ke son ɗorewa tana gwada buhun kowane mamba a gaban kowa, ta rubuta sunansa a jiki. Galibi kamfanoni ba sa saye kai tsaye, suna bi ta hannun wakilai da manyan 'yan kasuwar hatsi, irin na kasuwar Dawanau da ke Kano, kuma da su manomi zai yi hulɗa.

Jihar Bauchi na aiki da shari'ar Musulunci tun 2001, kuma manoma da dama za su so sanin inda hatsinsu zai ƙare. Dawa ɗaya ce ke shiga giya, da lemon malt marar sa maye irin su Maltina da Malta Guinness, da garin shayi irin su Milo da Bournvita, da abincin kaji. Wasu kamfanonin abinci kawai suke yi, wasu kuma suna yin giya da lemo a ƙarƙashin rufi ɗaya. Wanda abin ya dame shi yana da haƙƙin ya tambayi wakili sunan kamfanin da abin da yake sarrafawa kafin ya karɓi iri ko bashin taki, ya kuma nemi fatawar malamansa tun lokacin, ba bayan ya ci bashi ba.

A cikin takardar yarjejeniya a tabbatar an rubuta sunan iri, da cewa da sikeli za a auna ba da buhu ba, da wanda zai biya kuɗin mota da lodi, da ranar biyan kuɗi. A rubuta kuma inda za a yi gwajin inganci. Idan a wurin tattara kaya a Azare za a yi, wanda aka ƙi kayansa zai mayar gida a amalanke. Idan sai a ƙofar masana'anta a Aba ko Legas, kayan da aka ƙi sun zama na duk wanda ya taya.

Farashi ne ya fi kashe irin waɗannan shirye-shirye. Idan an yanke shi tun watan Yuni, kaka ta zo kasuwa ta haura, manoma kan zagaya su sayar a waje su bar bashin taki. Idan kasuwa ta faɗi, wakili kan ɓace ko ya tsananta gwaji har ya sami abin ƙi. Tsarin da ya fi zama lafiya shi ne a ɗaure farashi da na kasuwa: a ambaci kasuwar da za a duba da makon da za a duba ta, a ɗora wani ƙayyadadden ƙari a kan kowane kilo saboda inganci, a kuma sa mafi ƙarancin farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Bashin iri da taki a rubuta shi da adadin kilon dawa da za a biya, domin wanda aka rubuta da naira a watan Yuni ba shi ne ake biya a watan Disamba ba.